Tambaya da Amsa: Kwaɗon Ƙarƙashin Ƙasa na Indiya da Bishiyar Wolemi ta Ostireliya

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar ilimin halittu ce a makarantar sakandare, kuma ina bin wannan fili a kai a kai. A wani darasi da muka yi kan halittun da ake fargabar ƙarewarsu, na kawo wa ɗalibaina misali biyu da na ci karo da su a karatu: wani kwaɗo mai launin shunayya da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa a Indiya, da wata bishiya da ake kira Wolemi a Ostireliya. Na ga ana ambatonsu tare, ana cewa dukkansu ragowar tsohon zamani ne. Sai ɗalibai suka yi mini tambayoyin da na ga ya fi dacewa in kawo gabanka. Me ya haɗa kwaɗo da bishiya har ake jera su wuri ɗaya? Wanne ya fi ƙaranci, ya kuma fi kusa da ƙarewa? Sannan tunda an ce ana sayar da dashen bishiyar a tukwane a ƙasashe da yawa, me zai hana a yi wa kwaɗon irin wannan gata? Na gode, Allah ya ƙara basira.

Daga wata malamar makaranta

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama, kuma madalla da ɗaliban da ke yin irin waɗannan tambayoyi. Zan fara da ta biyun, domin ita ce ke ɗauke da sauran. Idan lissafi za a bi, bishiyar ta fi ƙaranci nesa ba kusa ba, don manyan da suka rage a daji ba su kai 100 ba, kuma masu kula da su sun san kowace ɗaya da inda take tsaye. Kwaɗon kuwa ba ya ƙirguwa, saboda kusan duk rayuwarsa a binne yake yin ta. Abin da nake so ɗalibanki su fara riƙewa shi ne ƙarancin halitta daban, ɓuyanta daban, kuma kowanne da irin kariyar da yake bukata. Wannan bambanci ba zai fito sosai ba sai mun dubi yadda kowannensu yake rayuwa.

Masana suna kiran kwaɗon Nasikabatrachus sahyadrensis. A watan Oktoba na 2003 ne masana biyu, S. D. Biju na Indiya da Franky Bossuyt na Beljiyam, suka bayyana shi a mujallar kimiyya ta Nature, bayan sun yi nazarin waɗanda aka samo a gundumar Idukki ta jihar Kerala. Mazauninsa shi ne tsaunukan Gat na Yamma, waɗanda suka miƙa kimanin kilomita 1,600 a gefen gaɓar tekun yammacin Indiya. Samun sabon nau'in kwaɗo ba wani babban labari ba ne a wurin masana, tunda nau'o'in kwaɗin da aka sani sun haura 7,000 kuma ana ƙara samun wasu kowace shekara. Abin da ya girgiza su a wannan karon shi ne sun rasa dangin da za su saka shi a cikin dangogin kwaɗin da aka riga aka sani, har sai da suka buɗe masa dangi nasa shi kaɗai, abin da rabon a yi wa wani kwaɗo tun 1926.

Wanda ya gan shi ba zai yi saurin ce masa kwaɗo ba. Tsawonsa kimanin santimita 7 ne, macen ta fi namijin girma sosai, jikinsa a kumbure yake kamar salkar da aka cika da ruwa, fatarsa sumul mai sheƙi, launinta tsakanin shunayya da toka mai duhu. Kansa ƙarami ne, idanunsa mitsi-mitsi, hancinsa kuma ya yi tsini ya fito gaba. Ƙafafunsa gajeru ne masu ƙarfi, na bayan suna da wani tudu mai tauri da yake haƙa ƙasa da shi, don haka bai iya dogon tsalle irin na sauran kwaɗi ba. Duk wannan siffa ta mai zaman rami ce. An same shi a zurfin da ya haura mita 3, kuma a can yake cin abincinsa, wanda mafi yawansa gara ce. Nan ne ya bambanta da sauran kwaɗin da ke shiga ƙasa da rani, domin su ɓuya kawai suke yi su jira ruwa, in damina ta sauka su fito kiwo a sarari, shi kuwa kiwonsa ma a ƙarƙashin ƙasa yake.

Fitowarsa sau ɗaya ce a shekara, ta kimanin mako biyu, lokacin da ruwan farko ya sauka gabanin babbar damina, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. Mazan suna kuka daga cikin ramuka marasa zurfi a gefen ƙoramu, da wata murya mai kama da ta kaza. Idan mace ta zo, namijin ya ɗare bayanta, ita ce za ta ɗauke shi zuwa wani loko a tsakanin duwatsun ƙorama, ta zuba ƙwai da yawansu kan kai kimanin 3,000, sannan su koma ƙasa. Talibambam ɗin da ke ƙyanƙyashewa suna da baki mai manne wa dutse, da shi suke riƙe santsin duwatsu a inda ruwa ke gudu da ƙarfi, suna kankarar gansakuka, har tsawon kwana 100 ko fiye kafin su zama ƙananan kwaɗi su nutse cikin ƙasa. A lura da wannan sosai, domin a nan raunin kwaɗon yake: babba yana bukatar ƙasa mai laima da gara, ƙarami yana bukatar ƙorama mai gudu da ba za ta ƙafe ba har wata uku da 'yan kai. In aka rasa ɗaya daga cikin biyun, zuriyar wannan wuri ta yanke.

Akwai wani abu da ya kamata a gaya wa ɗalibai don a yi wa mutanen yankin adalci. Shekarar 2003 ita ce shekarar da kimiyya ta ba kwaɗon suna, amma mazauna waɗannan tsaunuka sun daɗe da saninsa. Wasu suna kama talibambam ɗinsa su ci, kuma a Kerala ana kiransa da sunan Maveli, wani sarki a tatsuniyarsu da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa yana ziyartar jama'arsa sau ɗaya a shekara. Su kansu masana sun taɓa cin karo da shi ba tare da sun gane ba, domin tun wajen 1918 Nelson Annandale da C. R. Narayan Rao suka yi bayanin talibambam ɗin, sai dai ba su ga babban ba. Masu binciken kwaɗi sun saba fita da dare a tsakiyar damina suna haska fitila, lokacin da wannan kwaɗo ya riga ya gama abin da ya fito yi ya koma.

Labarin bishiyar ya sha bamban. A watan Satumba na 1994 wani ma'aikacin hukumar gandun daji ta jihar New South Wales mai suna David Noble, wanda ya saba sauka cikin kwazazzabai da igiya, ya shiga wani kwazazzabo mai zurfi a Gandun Dajin Wolemi, kimanin kilomita 150 arewa maso yamma da birnin Sidni. A can ya ga wasu dogayen itatuwa da bai taɓa ganin irinsu ba, ya ɗauko reshe ya kai wa masana. Wyn Jones da Ken Hill da Jan Allen ne suka yi nazarinta, suka bayyana ta a 1995 da sunan Wollemia nobilis. Shugaban lambun binciken tsirrai na Sidni a lokacin, Carrick Chambers, ya kwatanta samunta da a ce an tarar da ƙaramin dinaso, irin dabbobin nan da suka ƙare tun miliyoyin shekaru, da ransa. Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin shi ne girmanta da kusancinta da mutane: bishiya ce da kan kai mita 40, a kusa da birni mafi yawan jama'a a ƙasar, amma tudun duwatsu da zurfin kwazazzabo suka rufe ta.

Tana cikin rukunin itatuwan da masana ke kira konifa, wato waɗanda ba sa fure, ba sa kuma yin 'ya'ya masu tsoka, sai dai su ƙunshe irinsu a cikin wani curi mai ɓawo hawa-hawa. Nau'o'insu a duniya sun ɗan haura 600. Ɓawon jikin Wolemi ruwan ƙasa ne mai duhu, ya yi gudaji-gudaji, ganyenta shimfiɗaɗɗe ne siriri mai tsawon santimita 3 zuwa 8, jere a gefen reshe. Bishiya ɗaya tana ɗauke da curin namiji da na mace a ƙarshen rassa daban-daban, iska ce ke kai ƙurar barbara daga wannan zuwa wancan, ita ce kuma ke watsa irin idan ya nuna. Ba ta kaɗe ganye ɗaiɗai, reshe take zubarwa gaba ɗayansa. Halinta da ya fi muhimmanci ga tambayarki shi ne tana yin toho daga gindi, ta yadda tushe ɗaya kan fitar da gangar jiki da yawa, in tsohuwa ta faɗi wata ta maye gurbinta. Da wannan ne ake ƙiyasta cewa wasu daga cikinsu sun shekara 500 zuwa 1,000, kuma da shi ne 'yan tsirarun suka jure a wuri ɗaya tsawon zamani.

Yanzu ga abin da ya haɗa su. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa Afirka da Amurka ta Kudu da Indiya da Madagaska da Ostireliya da Antatika a dā dunƙule suke a babbar nahiya ɗaya ta kudu da ake kira Gondwana, wadda ta fara tsagewa kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce. Da aka binciki ƙwayoyin gadon kwaɗon, sai aka tarar danginsa mafi kusa ba sa Indiya, ba sa ma nahiyar Asiya, suna tsibiran Seshel ne a tsakiyar Tekun Indiya, kusan kilomita 3,000 daga Kerala. Wasu 'yan mitsitsin kwaɗi ne, ɗayansu ma tsawonsa bai wuce santimita 1 da ɗan kai ba. Kwaɗo ba ya iya ƙetare ruwan gishiri, saboda fatarsa ba ta jure shi, don haka bayanin da ya fi gamsarwa shi ne kakanninsu sun zauna a ƙasa ɗaya kafin Seshel ta ɓalle daga Indiya kimanin shekara miliyan 65 da suka wuce. Ƙiyasin da Biju da Bossuyt suka yi ya kai rabuwar zuriyoyin biyu can baya, wajen shekara miliyan 130. Indiya ta yi ta matsawa arewa ɗauke da halittunta har ta yi karo da Asiya, kuma kwaɗon na cikin abin da ta taho da shi.

Ita ma Wolemi danginta a warwatse suke a gutsattsarin waccan nahiya: itatuwan Araucaria a Chile da Ajantina da Brazil da tsibirin New Caledonia, da itatuwan Agathis a New Zealand da wasu tsibiran da ke kusa. Tun kafin a ga bishiyar da ranta, masana sun san wata irin ƙurar barbara da ta daskare a cikin duwatsu, wadda suka sa wa suna Dilwynites, ana samun ta a Ostireliya da New Zealand da Antatika, mafi tsufanta ya kai shekara miliyan 90, sannan ta ɓace daga duwatsun kimanin shekara miliyan 2 da suka wuce. Da aka duba ƙurar Wolemi a madubin ƙara girma, sai aka ga ta yi kama da ita ƙwarai. Ke nan wannan zuriya ta taɓa mamaye ƙasa mai faɗi, sannan ta yi ta ja da baya yayin da Ostireliya ke ƙara bushewa, gobarar daji ke yawaita, itatuwan da suka fi jure fari da wuta suka karɓe filin, har ta rage a 'yan kwazazzabai masu laima da sanyi. Wannan shi ne dalilin jera su tare: kowannensu shi ne ɗan abin da ya saura daga wani tsohon reshe na halittu, kuma kusan babu wani na kusa da zai cike gurbinsa in ya tafi.

Daga nan kuma hanyoyinsu suka rabu. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa Wolemi a matakin haɗari mafi tsanani, wanda daga shi sai ƙarewa a daji. Dalili na farko shi ne yawan, na biyu kuma shi ne duk suna cikin yanki ɗaya ƙarami, ta yadda masifa ɗaya za ta iya haɗa su. Na uku ya fi ɓoyuwa: da aka gwada ƙwayoyin gadonsu a binciken farko, an kasa samun bambanci tsakanin wannan bishiya da waccan, kuma ko binciken baya da ya fi zurfi ɗan bambanci kaɗan ya gano. A cikin jama'ar halitta mai bambancin gado, idan cuta ta shigo, akan samu waɗanda jikinsu ya jure su ci gaba da haihuwa. Inda kowa tamkar kwafin ɗan'uwansa ne kuwa, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ba a daɗe ba aka ga wannan tsoro a fili. A 2005 aka gano wata cuta mai ruɓar da saiwa, Phytophthora cinnamomi, a ɗaya daga cikin wuraren da itatuwan suke. Halitta ce mai kama da fumfuna da ke yaɗuwa ta ruwa da laka, kuma ana kyautata zaton wasu da suka shiga wurin ba da izini ba ne suka kai ta a takalmansu. Saboda irin wannan ne hukuma ta ɓoye ainihin wurin tun farko, ta kuma wajabta wa 'yan masu binciken da ake bari su shiga su tsabtace takalma da kayan aikinsu. Akwai masu ganin ɓoye wa jama'a dukiyar ƙasa bai dace ba. Ni ina ganin hukumar ta yi daidai, domin sha'awar kallo ta mutum ɗaya ba ta kai a yi cacar zuriyar da ba ta da madadi a kanta ba. Sai kuma gobarar ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020, wadda tsawa ta tayar a Dutsen Gospers ta cinye fiye da hekta 500,000, har da mafi yawan gandun dajin. Jiragen sama sun zuba sinadarin dakushe wuta kewaye da kwazazzabon, aka saukar da ma'aikata da igiya daga jirgi mai saukar ungulu suka kafa bututun ban ruwa don jiƙa ƙasar. Wutar ta ratsa wurin, ta babbake jikin wasu, amma mafi yawan manyan sun tsira.

Shi kwaɗon, da farko IUCN ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa, domin wuraren da aka san shi kaɗan ne. Da masu bincike suka gane lokacin fitarsa da irin kukansa, suka kuma koyi neman talibambam ɗinsa a kan duwatsun ƙoramu, sai aka yi ta samunsa a wurare da dama a Kerala da maƙwabciyarta Tamil Nadu, daga baya aka sassauta matsayinsa. Ba ƙaruwa ya yi ba, idon masu nema ne ya buɗe. Wannan sassauci kuma bai kamata ya kwantar wa kowa da hankali ba, saboda yawancin wuraren da yake suna wajen gandun da doka ta kare. Ana sare daji a mayar da shi gonakin kofi da citta da wani kayan ƙamshi da ake kira kadamom, ana gina madatsun ruwa manya da ƙanana da ke canza gudun ƙoramu, magungunan feshi suna gangarowa cikin ruwan, motoci suna take manyan a daren da suka fito neman wurin zuba ƙwai, ga kuma kamun talibambam da yawa a wasu wurare. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai kashe shi gaba ɗaya a dare ɗaya kamar yadda gobara za ta iya yi wa Wolemi. Ƙorama bayan ƙorama yake rasawa, kuma tunda dama ba a ganinsa, yana iya ƙarewa a wani kwari shekaru su shuɗe ba wanda ya lura. Shi ya sa, duk da bishiyar ta fi kusa da ƙarewa a daji, kwaɗon ne ya fi damuna: ita tana da masu gadi da kasafin kuɗi da dokar da ta ambace ta, shi kuwa makomarsa tana hannun dubban manoma da magina waɗanda ba su da dalilin tunawa da shi.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi kyau a wurina. Gaskiya ne an yawaita Wolemi a wajen daji. Tana kamawa idan aka yanki reshe aka dasa, tana kuma tsirowa daga iri, tana jure sanyi da zafi fiye da yadda aka zata. A 2005 aka yi gwanjon dashen farko a Sidni, daga 2006 aka fara sayar wa jama'a, ana mayar da wani kaso na kuɗin ga aikin kare ta. Hikimar ita ce idan mai sha'awa zai iya sayen tasa cikin halal, ba shi da dalilin satar hanya zuwa kwazazzabon. An kuma dasa wasu a ɓoyayyun wurare a daji, kuma a 2023 aka rarraba ƙananan itatuwa ga lambunan bincike a Birtaniya da Turai, waɗanda aka zaɓo don su ɗauki ɗan bambancin gadon da ya rage. Saboda haka da wuya nau'in ya ɓace daga doron ƙasa. Amma a sani cewa wadda ke cikin tukunya ba ta maye gurbin ta daji, domin a can kwazazzabon ne kaɗai take rayuwa da ƙasarta da ƙwarinta da fumfunan da ke saiwarta, tana zubar da iri yana tsirowa da kansa.

Kwaɗon ba ya karɓar irin wannan gata cikin sauƙi. Bishiya tana tsaye wuri ɗaya, abincinta haske ne da ruwa da ƙasa, kuma ana iya kwafarta daga reshe. Mai son kiwon wannan kwaɗo kuwa sai ya tanadi ƙasa mai zurfin mitoci da laimar da ta dace, da gara mai rai a cikinta, da ruwan sama mai sauka a lokacinsa don ya ta da sha'awar barbara, da ƙorama mai gudu a kan dutse mai gansakuka har fiye da wata uku. Ba wai kiwon kwaɗi a killace ba ya yiwuwa ba ne. A Tanzaniya akwai wani ɗan ƙaramin kwaɗo na kwazazzabon Kihansi da aka gano a 1996, wanda duk duniyarsa ita ce 'yan hektocin da feshin wani magangarin ruwa ke jiƙawa. Da aka gina madatsar wutar lantarki feshin ya ragu ƙwarai, aka kwashi kimanin 500 zuwa gidajen namun daji a Amurka a 2000, cutar fata mai kashe kwaɗi ta biyo baya, kuma a 2009 aka bayyana cewa ya ƙare a daji. An yi nasarar yawaita shi, aka fara mayar da shi gida a 2012, amma sai da aka kafa na'urorin feshin ruwa don su yi aikin da magangarin ke yi a dā. Shi ma abin ya zo da sauƙi ne saboda haihuwa yake yi kai tsaye, ba ya bi ta matakin talibambam. Na Indiya ba shi da wannan rangwame, kuma tunda har yanzu yana nan a ƙoramu da yawa, kuɗin da za a kashe wajen killace shi ya fi amfani idan aka kashe shi wajen barin daji a gefen ƙoramun, da hana toshe su a watannin da talibambam ke ciki, da shawo kan masu kamawa.

Yana da kyau ɗalibai su san cewa waɗannan biyu ba su kaɗai ba ne a rukunansu. Babban nazarin duniya da aka fitar a 2023 ya nuna kimanin kashi 41 cikin 100 na kwaɗi da danginsu masu rayuwar ruwa da tudu suna fuskantar barazana, abin da ya sa suka fi kowane rukuni na dabbobi masu ƙashin baya shiga haɗari. A cikin itatuwan konifa kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke wannan hali.

Saura gyara ɗaya kan cewa da ake yi su ragowar tsohon zamani ne. Maganar tana da gaskiya idan ana nufin zuriyarsu ta daɗe da rabuwa da sauran, amma kada ɗalibai su ɗauka cewa halittun sun tsaya cak ba su canza ba tun wancan lokaci. Kwaɗon ma ya ba da shaida a kan haka. A 2017 aka bayyana nau'i na biyu a danginsa, Nasikabatrachus bhupathi, wanda aka sa wa sunan masanin dabbobi Subramaniam Bhupathy da ya rasu a 2014 yana aikin bincike a waɗannan tsaunuka. Shi wannan yana zaune ne a wani ɗan yanki na gangaren gabas, a Tamil Nadu, inda babban ruwan ke zuwa a ƙarshen shekara, saɓanin gangaren yamma da ke samun nasa daga tsakiyarta. Kowanne ya daidaita fitarsa da daminar ɓangarensa, kukansu ya bambanta, ƙwayoyin gadonsu ma haka, har suka zama nau'i biyu a kan jerin tsaunuka ɗaya. Idan za ki sake kawo darasin, Malama, ki haɗa da wannan na biyun, domin shi ne mazauninsa ya fi ƙunci, kuma halinsa ya fi kusa da na Wolemi fiye da na ɗan'uwansa.